Tsohon gida mai 'yan haya huɗu ko sabon filat a bayan gari? Ina neman shawara kafin in zuba jarina

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar gidajen haya, don ni ko ɗaki ɗaya ban taɓa ba wani haya ba, hasali ma har gobe ni kaina ɗan haya ne.

Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Garin da nake matsakaici ne, ya wuce a kira shi ƙauye, amma ba irin biranen nan ba ne da jama'a ke tururuwa cikinsu kullum. Abu uku ne ke riƙe da shi: kwalejin horar da malamai, babban asibitin da nake aiki, da wata masana'anta a bakin gari. Na daɗe ina tari, kwanan nan kuma aka raba mana gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, na haɗa duka wuri ɗaya. Tsorona kada kuɗin su zagwanye a hannuna, yau a ranta wa wannan, gobe a taimaki wancan.

Don kada in cika ku da sifiri, zan ɗauki farashin gida na farko a matsayin 1,000, in auna sauran da shi. Abin da ke hannuna 700 ne.

Na farkon tsohon gida ne, ya haura shekara 30, ciki da falo huɗu, kowanne da kicin da banɗakinsa, kusa da masana'antar. Duka huɗun akwai mutane a ciki. Dillali ya ce hayarsu a haɗe 110 ce a shekara, wai shekara tara na mayar da kuɗina. Rufin yana yoyo ta gefe ɗaya, bangon baya kuma ya tsage. Maginin da na kai ya ce gyaran zai ci kamar 90.

Na biyun sabon filat ne mai ɗaki biyu, a wata unguwa da ake kan ginawa bayan kwalejin. Kuɗinsa 900, an ce za a samu mai kama shi a 60. Ba wanda ya taɓa kwana a ciki, ko kwalta ba a kai unguwar ba tukuna.

Banki ya ce zai cika mini abin da ya rage da ruwan kashi 12 cikin 100 a shekara, ko da yake zuciyata ba ta kwanta da maganar ruwan ba. Uwargida ta fi son sabon, ta ce babu ciwon kai. Yayana kuma cewa ya yi in rabu da gida in sa kuɗin a kasuwa. Wanne za ku ɗauka in ku ne? Kuma me ya kamata in tambaya wanda ban tambaya ba?

Mai Rabo:

Wa alaikumus salam. Malam, kama tsohon nan tun kafin wani ya riga ka. Gida huɗu da mutane a ciki, daga ranar da ka biya kuɗi suka fara shigowa, me kake jira? Ƙasa ba ta ruɓewa, ba a kuma ƙera sabuwa. Ni ban taɓa ganin wanda ya sayi gida ya yi da-na-sani ba. Yoyo da tsagewa ai aikin mako biyu ne.

Akanta Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifi, Ya sa albarka a abin da ya bari.

Ɗana, ka kyauta da ka kawo lambobi, don da yawa hoton gidan suke kawowa su ce ya kuka gani. Bari mu zauna da lambobin naka. Na yi shekaru ina riƙe wa mutane littafin gidajensu, kuma abin da dillali ya yi maka shi suke yi ko'ina: ya raba 1,000 da 110 ya samu tara. Lissafinsa daidai ne, sai dai duka lambobin biyu ba naka ba ne.

Ba 1,000 za ka kashe ba. Akwai la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin binciken takardu da na mayar da su sunanka. Wannan ya danganta da dokar ƙasarku, amma mu sa 60. Ga gyara 90, in ma maginin ya faɗi gaskiya. Jarinka ya zama 1,150.

Ita ma 110 ɗin ba za ta shiga aljihunka ba. Zan sa nawa ƙiyasin, kai kuma ka je ka musanya shi da na gaskiya. Ɗan haya yakan tashi, kafin a yi fenti a samu wani an ci lokaci, don haka ka ɗauka wata ɗaya cikin goma sha biyu ɗaki zai zauna babu kowa: cire 9. Wani zai gudu da bashi ko ya yi ta biya rabi-rabi: cire 5. Ƙananan gyare-gyare, famfo, makulli, soket, kwata ta toshe: 15. Sai abin da sababbin shiga ba sa sawa sam, wato manyan abubuwan da ba sa lalacewa bana amma tabbas za su lalace, rufi, wayarin, bututun ruwa, ramin masai. Ko ba ka kashe ko sisi a kansu ba a wannan shekarar, suna cin kuɗi, kawai ba a kawo maka takardar biya ba ne tukuna. Ware musu 15 duk shekara. Haraji da inshora, 8. Mai kula da gidan yakan karɓi kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ya tattara, mu ce 10. In ka ce kai za ka kula da kanka, to ka bar 10 ɗin a lissafi, don ladan wahalarka ce ba ribar gidan ba, ranar da aka yi maka canjin wurin aiki kuwa dole ka biya wani.

An cire 62, saura 48. Raba 48 da 1,150, ka samu kashi 4.2 cikin 100. Shekara taran nan ta koma kusan 24.

Kada ka ce na zafafa. Masu wannan harka a Amurka suna da wani ma'aunin gaggawa, cewa rabin haya hidimar gida ce ke cinyewa tun kafin a zo maganar biyan bashi. Ba doka ba ce, amma tsohon gida ba ya yin nisa da hakan.

Sabon filat ɗin fa? 900 da kuɗin takardu 55, jari 955. Gyaransa kaɗan ne a farko, mutum ɗaya ne kuma za ka iya kula da shi da kanka cikin sauƙi, mu ce hidimarsa duka 29. Saura 31, kashi 3.2 ke nan. Ka ga ratar da ta fara da kashi 11 da kusan kashi 7 kafin a cire hidima ta dawo 4 da 3. Tsohon yana gaba har yanzu, amma ba da irin nisan da aka nuna maka ba. Abin da ya fi sabon da shi a wurina shi ne in mutum ɗaya ya tashi, kashi ɗaya cikin huɗu ka rasa. A filat ɗin, mutum ɗaya ya tashi hayar ta tsaya cak.

Yanzu bashi, kuma a nan nake so ka nutsu. Tsohon gida yana buƙatar ka ranto 450. Ruwan 450 a kashi 12 ya kama 54 a shekara, ban da uwar kuɗin. Gidan gaba ɗayansa 48 yake kawowa. Wato duk abin da mutum huɗu suka biya ka bai isa ya biya ruwan bashin da bai kai rabin kuɗin gidan ba, sai ka cika daga albashi, naka 700 ɗin kuma suna zaune suna aikin banza. A filat ɗin 255 za ka ranto, ruwansa kusan 31, daidai da abin da yake kawowa. Ƙa'idar ba ta da wuya: in abin da gida ke bari bayan hidima bai kai tsadar bashin ba, duk abin da ka ranto rage maka yake yi.

Za a ce maka ai gida yana tashi. A babban birni inda fili ya ƙare kuma jama'a na ƙaruwa, mutane sukan haƙura da ƙaramar haya don suna jiran tashin farashi. A matsakaicin gari fili bai ƙare ba, shaida ita ce unguwar da ake ginawa bayan kwalejinku. Duk wanda ya ga gidanka ya yi tsada zai matsa gaba kaɗan ya gina nasa. Ginin kansa kuma tsufa yake yi, filin ne ke tashi. Ko dokar harajin Amurka ta ɗauka ginin gidan haya yana cinye darajarsa ne cikin shekara 27 da rabi. Saboda haka a gari irin naku haya ce za ta ɗauki gidan, in an samu tashin farashi ƙari ne.

Wannan ba kushe ba ne ga matsakaicin gari. Wani masanin tattalin arziki Bajamushe, Moritz Schularick, shi da abokan aikinsa sun bi lissafin ƙasashe 16 masu arziki daga 1870 zuwa 2015, suka ga gidaje sun ba da kusan kashi 7 cikin 100 a shekara bayan an cire hauhawar farashi, kuma mafi yawan wannan daga haya ya fito ba daga tashin farashi ba. A wani binciken da ya biyo baya suka ga in an haɗa haya da tashin farashi, manyan birane sun gaza sauran garuruwan ƙasashensu da kusan kashi ɗaya a shekara. Amma sun faɗi dalili: ƙarin nan ladan kasada ne. A ƙaramin gari masu saye ba su da yawa, ranar da ka buƙaci kuɗinka da gaggawa za ka iya daɗewa kana jira, ko ka karyar.

Kasadar da ta fi damuna a bayaninka ita ce masana'antar nan. Hayar gida daga albashin wani take fitowa, don haka ka san wanda ke biyan albashin. Akwai wani gari a jihar Michigan ta Amurka, Flint. A 1960 mutanensa sun kusa 200,000, a ƙarshen shekarun 1970 kamfanin motoci na General Motors yana da ma'aikata kusan 80,000 a yankin. Da kamfanin ya yi ta rufe masana'antu, ƙidayar 2020 mutum 81,000 da 'yan kai ta samu. Gidajen da suka yi saura ba ginin banza ba ne, masu shiga ne babu. Malam Mai Rabo ya ce ƙasa ba ta ruɓewa, gaskiya ne, tana nan a Flint ba ta ruɓe ba. Je ka tambayi 'yan hayar nan huɗu inda suke aiki. In duk a masana'antar ne, to ɗan haya ɗaya gare ka mai ƙofa huɗu.

Hajiya Mai Gidaje:

Baba Akanta ya gama da lissafi, ni bari in yi maganar mutane, don su za ka zauna da su ba takarda ba.

Ƙanena, gida mai 'yan haya a ciki ba kullum ne alheri ba. Kai ba ka zaɓe su ba, gadonsu za ka yi, da halinsu da bashinsu da duk alkawarin baka da tsohon mai gidan ya yi musu. Wannan 110 ɗin wa ya gani? Ka ce a nuna maka rasit ko shigar kuɗi ta banki ta shekara biyu. Abin da aka yanka daban, abin da aka karɓa daban. Sannan ka samu kowannensu shi kaɗai, ba a gaban dillali ba, ka tambaye shi nawa yake biya, yaushe hayarsa za ta ƙare, me ya lalace a ɗakinsa, akwai kuɗin da ya kashe a gyara da aka ce za a cire masa? Matan gidan sun fi mazan sanin inda ruwa ke shiga, in da hali uwargida ta raka ka ta yi hira da su. Duk hayar da aka riga aka biya mai sayarwa ta watannin da gidan zai kasance naka, da duk kuɗin ajiya da ya karɓa don ɓarna, a cire su daga farashi a rubuce. In ba haka ba za ka yi watanni kana gyara wa mutanen da ba su ba ka komai ba, kuma ba laifinsu ba ne.

Ka tambayi dalilin sayarwa, ka kuma tambayi tun yaushe gidan yake kasuwa. In na magada ne, ka tabbata duk mai haƙƙi ya sa hannu. Lauyanka ya zama naka, kai ka nemo shi kai ka biya shi, ya je ofishin rajistar filaye da kansa ya duba ko an jinginar da gidan ko akwai shari'a a kansa. Hoton takarda a waya ba bincike ba ne.

In ka zo ɗaukar sabon ɗan haya, ga abin da nake yi. Ba na tsayawa a kan mai gidan da yake ciki yanzu, don wanda ya gaji da mutum zai yabe shi ya rabu da ƙaya. Wanda ya zauna wurinsa kafin wannan nake nema, shi ba abin da zai ci ko ya rasa. Ina kuma duba kada hayar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu. Wanda ya wuce haka ko yana da gaskiya wata rana zai gaza, ciwon yaro ɗaya ya isa. Yarjejeniya a rubuce ko da limamin unguwa ne zai shiga: nawa, yaushe, wa ke gyara me, mutum nawa za su zauna. Ranar ba da makulli ku zagaya tare a ɗauki hoton kowane ɗaki. Kowa da mitarsa ta wuta, in zai yiwu har ta ruwa, don rabin faɗan gidan haya a kan kuɗin wuta ne.

Dangi kuwa, ni ba na ba su. In ina son taimakon ɗan'uwa gara in cika masa ya kama a wani wuri. Abokan aikinka na asibiti suna da albashi mai tabbas, amma ka yi tunanin yadda za ka tambayi mutum haya da yamma bayan kun yi aikin safe tare. Waɗanda ake turowa na shekara ɗaya ko biyu daga wani sashen sun fi sauƙi.

Wani abu da masu gida ke yi wanda ke ba ni mamaki: mutum yana biya a kan lokaci, yana share gida, sai a ƙara masa kashi biyar ya tashi. Wata ɗaya da ɗaki zai yi a rufe ya fi kashi takwas na hayar shekara, ga fenti, ga la'adar neman wani, ga shi ba ka san wanda zai zo ba. Ɗan haya nagari ni nakan bar shi ƙasa da kasuwa kaɗan da gangan.

Ranar da wani ya ƙi biya, kada zuciya ta ɗebe ka ka cire ƙofa ko ka yanke ruwa. A ƙasashe da yawa wannan laifi ne, sai mai bin bashi ya koma wanda ake tuhuma. Notis a rubuce yadda dokar wurinku ta tsara, daga nan kotu. Ka san tsawon lokacin da hakan ke ɗauka a garinku tun kafin ka saya.

Birkila:

Yallaɓai, ni tsagewar nan ce ta tsaya mini. Tsagewa iri-iri ce. In siririya ce a filasta kawai kamar zare, ba komai. In ta tafi a karkace, ko tana bin layin bulo hawa-hawa, ko ta fi faɗi a sama, ko kana ganinta ciki da waje a wuri ɗaya, to ƙasa ce ke motsi a ƙarƙashin harsashin. Duba ƙofofi da tagogin ɓangaren, in suna cijewa wajen rufewa alama ce. Ka sa a shafa ɗan siminti a kan tsagewar a rubuta kwanan wata, in ya sake tsagewa bayan 'yan makonni ginin bai gama zama ba. Sau da yawa ruwa ne sanadi, ko ramin masai yana kusa da bangon yana tsiyaya, ko ruwan rufi yana zuba a gindin gini.

Maginin da ya ce 90, da shi za a yi aikin? In eh, to ba zai faɗi abin da zai kore ka ba. Ba sharri nake wa abokan sana'ata ba, amma haka abin yake. Ka biya injiniyan gini wanda ba ruwansa da kwangilar ya rubuta maka rahoto. Kowane ƙiyasi aka ba ka a tsohon gida ka ɗora masa kashi ɗaya cikin uku, don sai an buɗe ake ganin sauran.

A hau cikin silin da tocila a duba katako, ko ya ruɓe ko gara ta ci. Yoyon gefe ɗaya da ya daɗe ba ya tsayawa a kwano. In rufin ko silin ɗin irin tsohon asbestos ne, kada a bari yara su fasa shi ko su yanka da inji, ƙurarsa tana jawo mummunar cutar huhu. A buɗe famfunan duka a lokaci ɗaya a ga ƙarfin ruwan, tsohon bututun ƙarfe tsatsa ke toshe shi ta ciki. Mai wayarin ya buɗe akwatin wuta ya gani.

Sabon ma kada Hajiyarka ta saki jiki. Gidan da aka gina don sayarwa, wanda ruwan sama bai taɓa dukansa ba, ba wanda ya san halinsa. Je ka unguwar bayan an yi ruwa mai ƙarfi ka ga inda yake kwanciya da yadda hanyar take zama.

Ɗan Kasuwa:

Da girmamawa, Baba Akanta, lissafinka ya tsaya a shekara ɗaya kamar duniya ba ta motsi. Inda farashin kaya ke tashi, haya ma tana tashi, bashi kuwa yana nan yadda aka ranto shi. Bayan shekara biyar 48 ɗin nan ta zama wani abu, 54 tana nan 54. Kuɗin da ya ajiye yana jira kuma kullum ƙanƙancewa suke. In kowa zai bi wannan lissafin ba wanda zai taɓa sayen gida.

Maganar ruwa da ta dami mai tambaya, akwai bankunan da ke yin musharaka mai raguwa: ku sayi gidan tare, kana biyansu hayar kasonsu kana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya zama naka. Akwai kuma murabaha, su saya su sayar maka da riba sananniya. Ya bincika ko akwai a inda yake.

Akanta Mai Ritaya:

Alhaji, maganarka tana da ƙarfi, kuma na yarda ajiye tsabar kuɗi lokacin hauhawar farashi asara ce. Amma hujjar tana tsaye ne a kan sharaɗi biyu.

Na farko, ruwan bashin ya zama tsayayye har ƙarshe. Ya karanta takardar bankin, da yawa sukan rubuta cewa suna da ikon canza shi. A Amurka ruwan bashin gida na shekara 30 yana ƙasa da kashi 3 a 2021, kafin ƙarshen 2023 ya kusa kashi 8. Waɗanda nasu tsayayye ne sun yi barcinsu. A Ingila, inda aka saba tsayar da shi na shekara biyu ko biyar kawai, masu gidajen haya da yawa sun ga abin da suke biya ya yi tsalle a lokacin sabuntawa.

Na biyu, haya ta bi farashin kaya. Ba shi take bi ba, albashin 'yan haya take bi. Siminti, kwano da ladan mai gyara su ne ke tashi nan take. A garin da ma'aikatan kwaleji da asibiti da masana'anta ɗaya ne masu kama gida, in ba a ƙara musu ba kai ma ba ka da inda za ka ƙara, sai hidimar ta riga hayar gudu. Kuma kafin shekara biyar ɗin ta zo, wa zai riƙa cike giɓin? Albashin ma'aikacin asibiti mai iyali.

Musharaka da murabaha na ji daɗin kawo su, za su kwantar masa da zuciya. Ta fuskar aljihu dai tambayar ba ta canza ba: nawa zai fita duk shekara, nawa gidan ke bari?

Ban ce kada ya saya ba. Na ce kada ya saya a wannan farashin da wannan bashin. Ɗana, juya lissafin ta baya. In kana son gidan ya riƙa kawo maka kashi 6 cikin 100, raba 48 da 6 ka ninka sau 100, ka samu 800. Cire 150 na gyara da takardu, gidan 650 ya cancanta a wurinka. Taya haka. In sun ƙi, ba faɗa.

Sabon Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na bi abin da kuka ce, ga abin da na samo.

Uku daga cikin huɗun a masana'antar suke aiki, kuma sun ce an rage musu aikin dare tun bara. Na huɗun tela ne, ana binsa hayar da ta haura rabin shekara, ya ce ya tsayar ne don an ƙi gyara masa yoyo. Rasit ɗin da aka iya nuna mini na bara 84 ne ba 110 ba. Injiniya ya ce ramin masai ne ke jiƙa gindin bangon baya, sai an tone an canza masa wuri, gyaran duka zai kai 140. Na taya 600, dillali ya yi dariya ya ce in je in dawo. Filat ɗin kuma na je bayan ruwa, mota ba ta shiga layin.

Amma ga wata sabuwa. Akwai gida mai sashe biyu kusa da asibiti, shekararsa kamar goma, ana neman 640. Sashe ɗaya akwai malamin kwaleji a ciki yana biyan 30, ɗayan babu kowa. Ina tunanin mu koma ciki, in daina biyan tawa hayar wadda ita ma kusan 30 ce, babu bashin kowa. Da takardu zai kai 680. Hajiya, zama katanga ɗaya da ɗan haya fa?

Hajiya Mai Gidaje:

Ana yi, kuma ga mai farawa ya fi sauƙi, don famfo na fara ɗiga za ka ji. Sharaɗin kowa da ƙofarsa, da mitarsa, da wurin shanyarsa. Haya ta banki kawai, kada ta bi ta hannun uwargida ko yara, kada kuma ta zama abin da ake tayarwa a bakin ƙofa. Ku gaisa, ku yi zumuncin maƙwabtaka, amma rance kada ya shiga tsakaninku ko ta wane ɓangare.

Abin da ban so ba shi ne 20 da za ta rage maka. Ta yi kaɗan. Ko gida mai lafiya sai ka riƙe abin da zai ɗauki hidimarsa ta wata shida ko da malamin ya tashi, ga kuɗin ƙaura da 'yan gyare-gyaren shiga. Ka taya 600 ka tsaya a 615. Injiniyan nan da ya gano ramin masai shi za ka sake kaiwa, lauya kuma ya duba ko takardar gidan ɗaya ce ko an taɓa raba ta biyu. Ka tambayi malamin ko na dindindin ne a kwalejin ko na kwantiragi, da watan da hayarsa ke ƙarewa.